Kwalin Kayan Wasa Ya Sha Ruwa: A Shanya, A Daskare, Ko A Haƙura Da Shi?

Mai sayar da kayan wasan yara na yau da kullum, idan ruwa ya taɓa masa kwali, asararsa ba ta da yawa. Zai cire motar ya goge, ya jera a faranti, yara su saya. Lissafin ya bambanta ga 'yan'uwanmu na Agege, Idi-Araba da Alaba Rago da suka shiga harkar kayan da manya ke saya don ajiya: motocin Hot Wheels da Matchbox, mutum-mutumin Funko Pop, Barbie na musamman, ko tsofaffin 'yan tsanan Star Wars da kamfanin Kenner ya fara fitarwa a 1978, waɗanda akan ci karo da su jefi-jefi cikin dilar gwanjo. A wannan kasuwa kwalin kansa haja ne. Mai sayen da zai yi maka magana a Jiji ko Instagram sai ya nemi hoton kusurwoyin kwali da bayansa kafin ya tambayi launin motar. Mota mai alamar Treasure Hunt, jerin da Mattel, kamfanin da ke ƙera Hot Wheels, ya ɓullo da shi a 1995, kuɗinta a rufe daban ne da kuɗinta a buɗe.

Legas kuwa gari ne mai gaba da takarda. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma danshin iska a damina yakan haura kashi 80 cikin ɗari. Funfuna na iya kama jiƙaƙƙen kwali cikin awa 48 zuwa 72. Ke nan kwana biyu kake da su ka yanke shawara, kuma yawancin ɓarnar da ake yi a cikin kwana biyun nan gaggawa ce ke jawo ta.

Abubuwan dubawa kafin ka taɓa komai

Na farko, wane irin ruwa ne. Yoyon rufin kwano ko fashewar famfo ruwa ne mai ɗan tsabta, kuma shi ya fi sauƙin magani. Ruwan ambaliyar da ya bi kwata ya shigo shago ya zo da laka, baƙin mai da najasa. Wannan sai da safar hannu, kuma kwalin da ya jiƙe sharkaf da shi da wuya warinsa ya bar shi. Masu sito a wajen Mile 12, Owode da Kara sun san irin ruwan da ke zuwa in Kogin Ogun ya cika, musamman lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan. Na kusa da gaɓar teku kuma suna da ƙarin matsala, wato gishiri. Gishirin da ya zauna cikin takarda yana jawo danshi daga iska, sai ka ga kwalin da ka busar jiya ya wayi gari da laima.

Na biyu, wane irin kwali ne, kuma nan ne mutane suka fi kuskure. Akwai kati mai murfin roba a manne, irin na Hot Wheels: da zafi aka liƙa robar a jikin katin a masana'anta, kuma da zarar ka ɓalle ta, ƙimar ta tafi ba dawowa. Akwai akwati mai taga, irin na Funko: ana buɗe bakinsa a zare abin da ke ciki a mayar ba tare da an yaga komai ba. Akwai kuma babban kwali mai kauri mai ramuka a tsakiya, wanda gam ɗin sitaci ya haɗa shimfiɗunsa. Ruwa na narkar da wannan gam, kyankyasai da gara kuma suna son sa.

Na uku, me ke ciki. Ƙafafun ƙananan motoci a kan siririyar wayar ƙarfe suke, tana yin tsatsa. Abin wasa mai batir ya fi haɗari, domin batir da ya jiƙe yakan zubar da ruwansa ya ci abin wasan ya ɓata kwalin. Idan ka hangi ɗigon ruwa ko hazo a cikin murfin roba, to ba kwali kaɗai kake ceto ba.

Na huɗu, nawa kayan za su yi in sun tsira. Ka buɗe kasuwar intanet ta eBay ka duba farashin da aka riga aka sayar da irinsu, kada ka ruɗu da farashin da masu talla suka rubuta. Motar da ake samu a kowane babban kanti a Ikeja ba ta cancanci ka ƙona mata fetur na sati guda ba.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka sa a ranka tun yanzu. Shatin nan mai ruwan ƙasa da ruwa ke bari a inda ya tsaya, dattin da ruwan ya kwaso ne ya tara a bakin iyakarsa, ya shige cikin zaren takardar. Babu wata hanya ta gida da ke fitar da shi daga bugaggen kati. Hanyoyin da ke ƙasa suna tsayar da funfuna, suna miƙar da kwali, suna hana shimfiɗunsa rabuwa. A kan haka za a auna su: kuɗi, ɗorewa, sauƙi da haɗari.

Hanya ta ɗaya: iska, takardar tsotse ruwa, da danniya

Ita ce uwar hanyoyin, kuma ko wacce ka zaɓa a ƙarshe sai ka biyo ta nan. Ka raba kwalayen tun suna jiƙe, domin fuskar kati mai sheƙi in ta bushe a jikin wata sai su manne, kuma rabuwarsu sai da ɗaye hoto. Ka kwantar da kowane ɗaya a kan farar takarda marar rubutu. Masu sayar da takarda a Mushin suna da irin wadda ake buga jarida da ita kafin a buga, da araha. Tsohuwar jarida kam a'a, tawadarta za ta koma kan kayanka. Tishu ma yana da sharri, yana liƙewa a fuskar kati. Ka danna a hankali ruwan ya fita, kada ka goga. Da fari ka riƙa canja takardar duk bayan awa ɗaya ko makamancin haka, in ta daina ɗaukar ruwa da yawa ka rage. Fanka ta riƙa juya iskar ɗakin, amma kada ka saita ta kai tsaye a kan katin, don gefen da ya riga bushewa shi ke jan ɗayan ya lanƙwashe.

Danniya ita ce sirrin aikin, kuma lokacinta ake kiyayewa. In ka danne kwali yana sharkaf, ka kulle ruwa a ciki ka gayyato funfuna. In ka bari ya bushe ƙarau a lanƙwashe, ya riga ya ɗauki siffa. Lokacin shi ne sa'ad da ka taɓa ka ji sanyi-sanyi amma ba ya jiƙa yatsa. Ka shimfiɗa takardar da masu gasa kek ke amfani da ita a kan fuskar mai hoto don kada ta manne, sai farar takarda, sai faffaɗan katako, sai nauyi. Ga kati mai murfin roba, kafinta ya yanke maka rami a katakon daidai girman murfin, yadda nauyi zai hau kan katin kawai. Ga akwati mai taga, ka zare abin wasan da robar da ke riƙe shi, ka buɗe sama da ƙasa, ka kwantar da akwatin a kan ninkinsa na asali. Kullum ka canja takarda, kuma ka ba shi sati ɗaya zuwa biyu.

Kuɗinta kaɗan ne. Sakamakonta yana ɗorewa in an yi haƙuri. Matsalarta wuri da lokaci: kati goma abu ne mai sauƙi a ɗaki ɗaya, kati ɗari uku kuwa ba mai iya canja musu takarda shi kaɗai kafin kwana biyun nan su cika. Sannan a tsakiyar Yuni iskar da fanka ke juyawa ita kanta a jiƙe take. A hunturu hanyar ta wadatar ita kaɗai. A damina tana buƙatar ta biyu.

Hanya ta biyu: rufaffen wuri mai busasshiyar iska

Ko dai ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke zuƙe danshi yayin da take aiki, ko na'urar tsotse danshi ta musamman, ko kuma babbar robar ajiya mai murfi da aka zuba wa silika, wato ƙananan ƙwayoyin nan da ake samu a ƙunshe cikin kwalin takalmi. Manufar ita ce danshi ya sauka ƙasa da kashi 60, inda funfuna ba ta iya yaɗuwa. Ɗan ma'aunin danshi mai batir ba shi da tsada, kuma shi zai gaya maka gaskiya.

Silika ba ta ɗaukar ruwa mai yawa. 'Yan ƙunshi biyar da ka tsinto daga kwalin takalmi sun riga sun ƙoshi da iskar Legas, ba abin da za su yi. Sai ka sayi mai yawa, zai fi kyau mai canja launi in ta cika, wadda ake gasawa a tanda a zafin kusan digiri 120 ta dawo sabuwa. Kuma kada ka rufe jiƙaƙƙen kwali a roba kana dogara da ita. Sai bayan takarda ta kwashe mafi yawan ruwan. Shinkafa da ake cewa a binne waya a ciki, bar ta a buhunta: ƙura da ƙwari kawai za ta ƙara maka.

Wannan hanya ce ta fi dacewa da hazon da ke cikin murfin roba, domin danshin yana fita sannu a hankali ta jikin katin ba tare da ka huda komai ba. Haɗarinta kaɗan ne. Tsadarta wuta ce. Wanda ke layin Band A, inda ƙa'ida ta ce a ba da wuta aƙalla awa 20 a rana, zai iya, sai dai mita za ta gaya masa. Mai dogara da janareta ya yi lissafin fetur na kwana uku zuwa biyar ya gwada da kuɗin kayan.

Hanya ta uku: firiza

Ma'aikatan ɗakunan karatu da gidajen adana takardun tarihi a duniya, in ambaliya ta jiƙa musu littattafai fiye da yadda za su iya busarwa, daskarar da su suke yi. A sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri funfuna ba ta girma, tawada ba ta ci gaba da malala, shafuka ba sa ƙara mannewa. Sanyin ba ya kashe irin funfunar, ba ya kuma busar da kaya cikin kwanaki. Lokaci kawai yake saya maka, ka riƙa fito da biyar-biyar kana bi da su ta hanya ta ɗaya.

Kowane kwali a ledarsa, ko a sa takardar kek a tsakaninsu, a kwance, ba abu mai nauyi a sama. In ka fito da shi ka bar shi cikin ledar har sanyin ya sake shi, don raɓar ta taru a jikin leda maimakon kati.

A ra'ayina, a Legas wannan hanya ta fi kyau a takarda fiye da a aikace. In wuta ta ɗauke kayan suka narke, ta dawo suka sake daskarewa, kowane zagaye ƙanƙara na ƙara buɗa zaren takardar. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, don haka wanda ya maƙale tsakanin murfin roba da kati zai iya ɗaga murfin; tsohuwar roba kuma tana tsagewa cikin sanyi. Saboda haka firiza ta akwatunan da aka zare kayan cikinsu ce, da takardun bayani, da manyan kwalaye. Kati mai murfi sai in babu makawa. Kuma kayan da suka sha ruwan kwata ba sa shiga firizar da uwargida ke ajiye nama.

Hanya ta huɗu: rana, dutsen guga da na'urar busar da gashi

Ita ce wadda hannu ke fara kaiwa, ita ce kuma ta fi cin kaya. Rana tana kashe launi, ja da rawaya su fara tafiya, tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa, tana murɗe kati kamar ganda a wuta. Robar murfi tana fara laushi tun daga digiri 70 zuwa 80, alhali mafi ƙarancin zafin dutsen guga ya kai wajen 110. Sheƙin da ke fuskar kati shi ma zafi yana narkar da shi.

Wuri ɗaya na yarda da guga: akwatin da babu komai a ciki, babu tagar roba a kusa, ya riga ya bushe, saura ɗan lanƙwasa. A goge ta ciki inda babu hoto, da mafi ƙarancin zafi, ba tururi, da farar takarda a tsakani, sannan a danne shi nan take har ya huce. Ko a nan, ka fara gwadawa a kan wanda ba ka damu da shi ba.

Tunda ana maganar abubuwan da ke hannun kowa: bilic yana cin tawada ya raunana takarda, salatif yana barin tabo mai maiƙo bayan 'yan shekaru, gam mai kama nan take yana sa roba ta yi fari fat. In shimfiɗun kati sun rabu a kusurwa, ɗan farin gam kaɗan a bakin tsinken sakace ya isa, sai a danne. In funfuna ta riga ta fito, kada ka goge ta tana ɗanya. Ka bari ta bushe ta zama gari, ka fita waje da takunkumi, ka kaɗe da burushi mai laushi. Sifirit a auduga yana taimakawa a bayan kati marar hoto, amma yana iya ɗauke tawada, don haka a gwada a lungu tukuna.

Hanya ta biyar: a miƙa wa mai sana'a

Ƙwararrun gyaran takarda irin na gidajen tarihi suna iya rage shatin ruwa da kayan aiki na musamman, amma aikinsu na da tsada, kuma in har sai an tura kaya Ingila ko Amurka, kuɗin aike da inshora kaɗai sun isa su cinye ribar. Wannan ta kayan da kuɗinsu ya kai ɗaruruwan daloli ce. Ka kuma sani cewa kamfanonin da ke ba irin waɗannan kaya maki, kamar AFA a Amurka, suna duba tabo da alamar gyara, kuma masu saye na can suna ƙyamar gyaran da aka ɓoye.

Abin da ke kusa da mu shi ne masu ɗaurin littafi na Shomolu. Suna da matsi na ƙarfe da ke danne takarda daidai ta kowane gefe, ya fi bulo da katako nesa ba kusa ba wajen miƙar da akwatin da aka buɗe. Ka tsaya a kansu ka yi bayani, don sun saba da matse littafi da ƙarfi, kuma in aka wuce kima sawun ramukan kwali zai fito a fuska.

Hanya ta shida: a haƙura da kwalin

Ka ɓalle murfin, ka cire batir in akwai, ka wanke abin wasan da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, ka busar da shi sosai, ka sayar a buɗe. Kuɗin zai ragu, amma abin wasa mai tsabta ya fi wanda ke tsatsa a cikin kwali mai wari. Ga tsofaffin kaya na shekarun 1970 da 1980, ka busar da katin ka ajiye ko da ya ɓaci, akwai masu sayensa haka nan. Maɗaba'a na iya buga maka sabon kati don ado a shago ko a gida, amma hoton da tambarin na kamfani ne, kuma sayar da shi a matsayin na asali algus ne.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Iska da danniya | Kaɗan | Mai kyau | Tana son hannu da wuri | Funfuna a damina |
| Busasshen ɗaki ko silika | Matsakaici zuwa mai yawa | Mafi kyau | Mai sauƙi in akwai wuta | Kaɗan |
| Firiza | Matsakaici | Jinkiri ne kawai | Mai sauƙi | Ɗaukewar wuta, tsagewar roba |
| Rana da guga | Kusan kyauta | Marar tabbas | Mai sauƙi | Babba |
| Mai sana'a | Matsi da araha, ƙwararre da tsada | Mai kyau | Sai an nema | Matsewa fiye da kima |
| Cire abin wasa | Babu | Abin wasa ya tsira | Mafi sauƙi | Ƙimar kwali ta tafi |

Wacce ta dace da kai

In kati kaɗan ne, yoyon rufi ne, kuma yau abin ya faru, ka bi ta ɗaya, ka ƙarasa da robar silika. Haka ma mai akwatunan Funko ko Barbie: ka zare kayan, ka buɗe akwatin, ka danne, in suna da yawa ka kai su matsin Shomolu bayan sun sha iska.

In katon-katon ne suka jiƙe kuma kai kaɗai ne da yaron shago, ka fara da tantancewa. Masu tsada su shiga ɗaki mai na'urar sanyi a daren nan, akwatunan da babu komai a ciki su shiga firiza in wutarka tsayayya ce, na gama-gari kuma a ɓalle su a sayar wa yara.

In hazo ne kawai a cikin murfi kuma katin bai jiƙe sosai ba, hanya ta biyu ce taka, kuma kada ka huda robar. Ka riƙa leƙa wayar ƙafafun. In ka ga tsatsa ta fara, ka sake lissafi.

In ruwan kwata ne ya kwana a kansu, ko funfuna ta yi baƙi ta shiga cikin katin, ka ɗauki ta shida, sai fa in abu ne tsoho da ba a samunsa, wanda za ka busar, ka keɓe shi daga sauran kaya, ka nemi ƙwararre.

Wanda zai sayar a intanet ya ɗauki hoton shatin ruwan a fili ya rubuta cewa kwalin ya taɓa jiƙewa an busar, ya sa farashi daidai da haka. Wanda kuma zai ajiye har damina ta gaba ya tabbatar kayan sun bushe ƙarau kafin ya rufe su a roba da sabuwar silika, ya ɗora a kan kanta da ta ɗara gwiwa tsayi, nesa da bango, ya riƙa buɗewa yana dubawa duk wata daga Afrilu har Oktoba.